Keken haibirid na farko don zuwa aiki: wanne ya cancanci kuɗinka?

Keken haibirid shi ne wanda ya ɗauki manyan wili masu girman 700c irin na keken tsere, aka haɗa su da miƙaƙƙen kai irin na keken hawan dutse, ta yadda mahayi zai zauna a ɗan miƙe yana ganin abin da ke gabansa a titi. Faɗin tayarsa yakan kama daga milimita 32 zuwa 40, wanda ya isa ya shanye ƙananan ramuka ba tare da ya yi nauyin tuƙi ba. Wanda zai sayi na farko da kuɗi kaɗan zai yi ta cin karo da sunaye huɗu, wato Giant Escape, da Trek FX, da Specialized Sirrus, da Cannondale Quick. Ni dai Giant Escape 2 nake ba da shawarar a saya.

An kafa kamfanin Giant a Taiwan a 1972, kuma ya daɗe yana ƙera wa wasu kamfanoni kekuna, ciki har da Schwinn na Amurka, kafin sunansa ya shahara a kan nasa. Da yake a masana'antarsa yake ƙera bodin, kuɗin mai saye yakan tafi ga ƙarfe da aiki fiye da talla. Bodin Escape 2 na alminiyam ne, gabansa ba shi da shokozoba, kuma an bar ramukan noti domin ɗaura kariya da murfin da ke tare laka. Mai zuwa aiki ne ya san darajar waɗannan ramuka, domin jakar da aka goya a baya tana jiƙa riga da gumi kafin a isa ofis. Giyarsa ta Shimano ce, kamfanin da ke ƙera kayan keke, giya biyu a gaba da takwas a baya, kuma akwai nau'insa mai birkin faifai da ke aiki da mai, wanda yake kamawa sosai ko ana ruwan sama. Kayan da ake ɗora wa keke suna ɗan canzawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka a karanta bayanin na shekarar da za a saya.

Takwas ɗin nan ta baya ita ce babban dalilina. Kekuna masu araha da ke da giya bakwai yawanci firwil ake ɗaura musu, wanda ake murɗawa a jikin cibiyar wili, kuma wannan tsari yana tura boris ɗin gefen kaca zuwa ciki, sai wani dogon sashe na sandar wilin ya zauna babu abin da ya tallafe shi. Idan mahayi mai jiki ne, ko ya ɗora kaya a kariya, sandar takan lanƙwashe a hankali har ta karye. Hakan ya faru da wani keke da na taɓa hawa, wili ya fara lilo, giya ta ƙi zama, kuma sabuwar sandar da mai gyara ya sa ita ma ba ta daɗe ba, domin matsalar daga tsarin take. A tsarin kaset, wanda ake zurawa a kan cibiyar wili maimakon murɗawa, kuma wanda giya takwas yawanci take amfani da shi, boris yana zaune kusa da ƙarshen sanda, don haka nauyi ba ya samun inda zai lanƙwasa ta. Wannan ne ya sa ba na karkata ga Escape 3, duk da ya fi sauƙin kuɗi, domin an saba fitar da shi da firwil mai bakwai.

Trek FX keke ne mai kyau, kuma idan dilansa ya fi kusa da kai, ka ɗauki mai giya takwas ba tare da fargaba ba. Sirrus a ganina yana cin kuɗin suna. Quick kuwa ya fi dacewa da mai son gudu. Duk keken da ke da shokozoba a wannan mataki na farashi a bar shi, domin nauyi kawai yake ƙarawa, kuma yakan ƙage da tsatsa.

Abin da ya fi zaɓen suna muhimmanci shi ne tsare kai daga algus, wanda ya yi yawa a kasuwar kekuna masu araha. Dabarar da aka fi yi ita ce a sa abin canjin giya na baya mai tambarin Shimano, wanda ido yake fara gani, a rubuta sunan da manyan baƙaƙe a talla, alhali kaca da birki da cibiyar wili duk ba su da sunan kowa. Kayan Shimano na gaskiya suna ɗauke da lambar samfuri a jikinsu, wadda take farawa da RD a abin canjin giya na baya, kuma ana iya bincika ta a intanet kafin a biya. Akwai kuma birkin faifai na ado, wanda ake jan sa da waya, faifansa siriri ne, yana gugar juna yana ƙara, kuma birkin roba mai kama bakin wili da aka daidaita da kyau ya fi shi tsayar da keke. Har kaca ana yin ta jabu a zuba cikin kwali mai tambari, sai ta saki da wuri ta cinye haƙoran giya.

Bodi ma ana liƙa masa sitika. Idan aka tallata maka sabon keke mai babban suna a farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na dilolinsa, to akwai lauje cikin naɗi. Ka ɗaga keken ka ji nauyinsa, ka sa maganaɗisu a jikin bodi, domin alminiyam ba ya kama shi, kuma idan ya manne to ƙarfe ne aka fente. A keken da aka yi amfani da shi, sabon fenti a kusa da walda yakan ɓoye tsagewa, kuma bodin alminiyam da ya tsage ba abin dogaro ba ne ko an sake yi masa walda. Ka kifa keken ka duba lambar da aka buga a ƙarƙashin bodi, tsakanin fedoji biyu. Idan an kankare ta ko an shafe ta da fenti, ka bar cinikin nan take, domin alama ce ta kayan sata, kuma mai saye ne ake fara riƙewa.

Kada a saya sai an hau. Idan ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, ya kamata a sami tazarar santimita kaɗan tsakaninka da sandar sama, kuma gwiwa ta rage ɗan lanƙwasa idan feda ta kai ƙasa. Ka rage wani abu daga kuɗin domin kwaɗo mai ƙarfi da fitilun gaba da baya, sannan ka nemi mai sayarwa ya rubuta lambar bodin a kan rasit, ka ɗauki hotonta ka adana a waya.