Mai wayarin da ya yi mana wayar ƙasa a ɗakin saba

Akwatin ƙarfen da sabobinmu (manyan kwamfutocin da ke ajiye bayanai) ke ciki ya daɗe wutar lantarki tana ɗan jan hannun wanda ya taɓa shi, musamman idan aka koma kan janareta. Mai wayarin da muka kira bai taɓa komai ba sai da ya auna tsohuwar wayar ƙasa da mita, wato wayar da ke kai wutar da ta zurare zuwa sandar da aka binne a ƙasa. Ashe sandar ta ci tsatsa, an jibga mata gishiri da gawayi.

Ya kafa sabbin sandunan tagulla, ya ɗaure akwatin, UPS (na'urar batir mai riƙe wuta idan an ɗauke) da jikin janareta a layi ɗaya, awo ya sauko ƙasa da ohm 5 (ma'aunin turjiya ga wuta, ƙarancinsa ake so). Ya ce a sake aunawa da rani, don busasshiyar ƙasa tana ɗaga lambar.

Kuɗinsa da tsada, ga rashin ɗaukar waya. Amma aikin fes, ko a kan UPS ɗin ya manna ranar canza batir.