Na je sayen bindiga a Houston, mai shago ya ce in je in dawo

Jama'ar gida, kun sha tambayata ko da gaske ne a Amurka kowa na iya mallakar bindiga. A jihar Texas da nake zaune, kusan haka ne. Tun 1 ga Satumba 2021, wanda ya kai shekara 21 kuma ba shi da tabon babban laifi yana iya yawo da ƙaramar bindiga a ƙugu ba tare da lasisi ba. Aikin dare nake yi a shagon gidan mai, kuma bayan an yi wa wani abokin aikina fashi na yanke shawarar neman tawa.

Na shiga shagon da kuɗina, na nuna wata babba mai tsada. Mai sayarwar dattijo ne. Ya duba tsawon yatsuna, ya tambayi irin kayan da nake sawa a wurin aiki, ko a tsaye nake kwana, ko akwai yara a gida. Sai ya mayar da ita cikin gilashi, ya ce in fara zuwa filin koyon harbi da ke bayan shagon, in yi hayar wasu in gwada tukuna. Wallahi tsayawa na yi ina kallonsa. Ɗan kasuwa ya ga kuɗi a hannu ya ce a je a dawo! A wurinmu ko takalmi ya matse ka, mai shago zai rantse maka zai buɗe, "ai kamar don kai aka yi shi, Alhaji."

Da na gwada ƙananan bindigogi iri biyu na gane nufinsa. Glock 19 tana cin harsashi 15, tana zama a hannu da kyau, amma a zafin Houston mai gumi, da 'yar shat a jikinka, kowa zai ga tudunta. SIG P365, wadda ta fito a 2018, tana cin 10, tana ɓuya sarai, sai dai tana dukan hannu, domin duk yadda bindiga ta ƙanƙance haka tokarinta ke ƙaruwa. Dattijon ya ce wadda ta yi maka nauyi a gida za ka riƙa barinta. Kuben ma sai da ya yi min bayani: dole ya zama mai tauri, ya rufe kunamar ruf. Na robar da suke sayarwa ba shi da kyan gani ko kaɗan, har na ji kewar dukawanmu na Sakkwato da jar fatarsu.

Kan harsashi ya fi daɗewa. Duka biyun harsashi mai girman 9mm suke ci, amma iri biyu ne: mai dunƙulen kai, mai araha, na atisaye, da mai rami a baki wanda ke buɗewa ya tsaya, don kada ya ratsa ya sami wanda ke baya, ko ɗan maƙwabci a bayan bango. Ya ce duk harsashin da ya fita kai za ka amsa shi a kotu. Na ce masa mu a wurinmu har gaban Allah. Ranar saye na cika fom 4473, takardar gwamnati ta mai sayen bindiga, aka tura sunana ga hukumar bincike ta FBI aka duba. Mai girin kad, wato izinin zama na dindindin, yana iya saye; mai bizar karatu ko ziyara ba ya samu sai da wasu sharuɗɗa.

A hanyar komawa gida mutanen Sabon Birni da Isa da Goronyo na riƙa tunani, raina ya ɓaci. Dokarmu ta 1959 ta ce fistol sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Manomi na da bindigar toka, ɗan bindiga na da AK-47 kuma bai cika fom ɗin kowa ba. A 2022 Gwamna Matawalle ya ce wa Zamfarawa su nemi makamai su kare kansu, amma ina filin da za su koya, wa zai tambaye su ko akwai yara a gida?

Mu ma da namu halin. Bindiga a jingine a zaure da albarushi a ciki, yara na wasa a gefe. A yi biki a cika gari da harbi sama, kamar abin da ya hau ba zai sauko ba. Kuma ba mu iya riƙe abu mu yi shiru ba. Wanda ya samu sai ya ɗaga riga a majalisa an gani. A nan, wanda ya san abin da yake yi ko abokin aikinsa bai san yana ɗauke da ita ba.

Kada ku ce ina yi muku kwaɗayin Amurka. A 2021 sama da mutum 48,000 bindiga ta kashe a ƙasar nan, fiye da rabinsu kansu suka harbe. Shi ya sa uwargida ta ce bindigar ba za ta kwana a gidanta ba sai a akwatin ƙarfe mai makulli, na kuma sayo shi tare da P365 ɗin. Ajin lasisi kuwa, duk da doka ba ta tilasta ba, na biya kuɗinsa, ranar Asabar zan shiga.