Zunubinmu yana taɓa Allah? Elihu da Farawa

Ranar Lahadi bayan sujada, muna jiran adaidaita sahu a Sabon Gari, wani dattijon ikilisiyarmu ya jefo mini tambaya: "Ɗana, in ka yi zunubi, me ka rage wa Allah?"

Amsa biyu ce a Littafi Mai Tsarki. A Ayuba 35:6-8 Elihu, matashin da ya yi wa Ayuba jawabi, ya ce komai yawan laifofinka ba su yi wa Allah komai ba, adalcinka ma bai ƙare shi da komai ba. Ɗan'uwanka mutum ne ke cutuwa ko amfana. Elifaz, abokin Ayuba, ya faɗi makamancin haka a 22:3. Wannan gefen girman Allah yake karewa. Mai awo a Dawanau in ya tauye mudu, mai saye ya cuta, kursiyin sama ko gezau.

Farawa 6:6 kuwa ta ce muguntar mutane ta ɓata wa Allah zuciya. A Afisawa 4:30 Bulus ya hana ɓata wa Ruhu Mai Tsarki rai, Luka 15:7 kuma murna ake a sama saboda mai zunubi ɗaya da ya tuba.

Ni nan na fi karkata, na ce wa Baba, tunda Allah ya tsawata wa Elifaz a Ayuba 42:7. Ya ce, "To, Elihu fa? Shi ai Allah bai ce masa uffan ba."