SystemRescue: filashin da ba na rabuwa da shi a shago

Ina da ɗan shagon cajin waya da buga takardu a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma duk wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi a yankin nan, wurina ake turo shi. Abin da nake dogara da shi a wannan aiki manhaja ce ta kyauta mai suna SystemRescue, wadda wani Bafaranshe, François Dupoux, ya assasa. A filashi ake sa ta, kwamfuta ta tashi daga can ko da Windows ɗin cikinta ya mutu murus.

Ranar da na san darajarta, wani malamin firamare ne ya zo da laftof a ɗaure a bayan babur, ƙura ta yi mata fari fat. Sakamakon jarrabawar yara na zango biyu yana ciki. Ya ce, "Ɗana, a birni an ce sai dai a goge komai." Na ce, "Malam, a yi mini haƙuri zuwa gobe." Da na kara kunne, faifan ajiyar yana wani ƙas-ƙas, alamar ya kusa mutuwa. Irin wannan ba a matsa masa. Na tada SystemRescue, na sa ddrescue, wani kayan aikin ceto bayanai da ke cikinta, ya kwashe komai zuwa wani faifan. Shi ddrescue wuraren da ke da lafiya yake fara ɗauka, daga baya ya koma wa masu ciwo, kuma yana rubuta inda ya tsaya a wani ɗan fayil. Batirin solata ya ƙare wajen ƙarfe goma na dare. Da hantsi na kunna, ya ɗora daga daidai wurin. Wallahi ko don wannan kaɗai, mu da wuta ba ta zama mana, ya ishe ni in yaba. Daga kwafin nan TestDisk, wani kayan aikin da shi ma ke cikinta, ya dawo da rabon faifan, wato yadda aka kasa shi gida-gida, takardun Malam suka fito da sunayensu. Ya zauna bakin benci yana ta hamdala.

Bara sai na ce bari in haɗa tawa daga tushe, domin in cusa kayan aikin da nake so. Asalin rubutun manhajar yana shafin intanet na GitLab, kowa na iya ɗauka. Amma tun 2019 a kan Arch Linux aka gina ta, wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a da a kan ɗan'uwansa Gentoo take, don haka sai da na fara girka Arch a wata tsohuwar kwamfuta, na sa archiso, kayan aikin ginin, tare da gyare-gyaren da suka tanada masa, sannan na saki umarnin ginin. Shi zai sauko da ɗaruruwan ƙunshin manhaja, ya matse su, ya fitar da fayil ɗin ISO, wato wanda ake rubutawa a filashi. Sau biyu sabis yana yankewa ana tsakiyar saukewa, sai a dare na uku, bayan gari ya yi tsit, ya kammala. Data kam ta ci, ta fi kuɗin cefanen kwana biyu.

Na ƙaru sosai, ban yi da-na-sani ba. Amma ɗan'uwana mai gyara a ƙauye, ba zan ce ka bi wannan hanya ba. Sauke wadda suka gama, ka rubuta ta a filashi da manhajar Rufus ko Ventoy. In ƙari kake so, akwai sysrescue-customize da ke buɗe ISO ɗin ka saka naka ka rufe.

Sai dai ka sani, da baƙin allo take karɓarka, sai ka rubuta startx kafin ka ga tagogi, kuma bayananta da Turanci suke. Zaɓin copytoram yana loda ta cikin ram ka zare filashin ka tafi kan wata kwamfutar, amma masu ƙaramin ram ba sa ɗauka. Ƙanena da ke taya ni zaman shago yanzu GParted, manhajar raba faifai, nake koya masa, kuma na hana shi taɓa faifan kowa sai ya karanta mini sunansa da girmansa sau biyu.