Idon kyamara mai 50mm f/1.8 da mai 18-55mm: wanne ya fi fitar da hoto raɗau?

Ɗan'uwa, ka ce sabon idon kyamarar da ka saya, 50mm f/1.8, mutum ɗaya yake fitarwa raɗau, sauran su yi dishi-dishi, alhali 18-55mm da ya zo da kyamarar kowa yake kamawa. Kwantar da hankalinka, kayanka lafiyarsa ƙalau. Ƙofar haskensa, wato ramin da haske ke shiga, ita ce ka bari a wangale.

Lambar f ɗin nan lissafi ce: a raba tsawon idon, wato lambar mm ɗin, da faɗin ƙofar. 50mm a f/1.8 ƙofarsa ta kusa milimita 28. Shi kuwa 18-55mm in ka jawo shi zuwa 55, iyakarsa f/5.6, wato kamar milimita 10. Saboda haka na farkon yana shan haske kusan ninki goma, shi ya sa yake maka aiki cikin ɗaki da magariba ba filasha.

Amma faɗin ƙofa yana da kuɗinsa. Gwargwadon wangalewarta, gwargwadon ƙuntatar filin da ke fitowa tas. A irin kyamarar da ke zuwa da 18-55mm, ka tsayar da mutum mita 2 daga gare ka a f/1.8, abin da zai fito tas bai fi santimita 12 ba. Ka saita kan ƙwayar idon mutumin, gira ta fito gashi-gashi, kafaɗar baya ta fara narkewa, wanda ke tsaye bayansa kuwa sai inuwa. Tsuke ƙofar zuwa f/8, filin ya kai rabin mita. Shi 18-55mm ƙofarsa ba ta wangalewa haka, shi ya sa bai taɓa nuna maka wannan halin ba.

Ta fuskar ƙira, 50mm gilasai shida ko bakwai ne a cikinsa, an tsara su don tsawo ɗaya tak. Mai zuƙowa irin 18-55mm yakan ɗauki fiye da goma, domin dole ya yi aiki daga 18 har 55, a nan ake yin sassauci. Ni dai a f/5.6 na fi yarda da 50mm: an riga an tsuke shi, hasken da ke bi ta gefen gilashi, mai kawo laushi, an datse shi. Shi kuwa 18-55mm, in yana 55, a wannan lambar a wangale yake.

Kada kuma ka tsuke har f/22 wai don kowa ya fito. Haske in ya bi ta ƙaramin rami yakan bazu, hoton duka ya yi laushi.

Fuskar mutum ɗaya, 50mm a f/2 ko f/2.8. Jama'a sahu biyu, kowanne daga cikin idanun biyu a f/8, ka ja da baya kaɗan, ka saita kan sahun gaba.