Alam ko 'ya'yan zogale: wanne ya fi kwantar da ruwan gulbi?

Wani ɗan'uwa daga Argungu, ɗalibin ajin ƙarshe, ya tambaya: idan damina ta yi nisa ruwan gulbi ya yi jawur da laka, da alam da 'ya'yan zogale wanne ya fi, kuma wanne zai ɗora bincikensa a kai? Ɗan'uwa, ga yadda suke.

Aikinsu ɗaya. Ƙananan ƙwayoyin laka suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, suna ture juna, shi ya sa ruwa ke kwana a randa bai washe ba. Alam da furotin ɗin da ke cikin ƙwayar zogale duk suna kashe wannan cajin, lakar ta dunƙule ta yi nauyi ta kwanta.

Alam ya fi tabbas. Narka giram 10 a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Kowace mililita ɗaya da ka ɗiga a litar ruwan gulbi ta zama miligiram 10 ke nan. Ruwa da yawa yakan kwanta tsakanin miligiram 10 zuwa 50 a lita, na tsakiyar damina yakan nemi fiye. Matsalarsa tsami: yana saukar da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, kuma ya fi aiki tsakanin 6 da 7.5. Idan ruwan ba shi da abin da zai tare tsamin, pH ya faɗi, dunƙulen ya ƙi haɗuwa, alminiyam ya saura a ruwa, alhali ma'aunin ruwan sha na Najeriya bai yarda ya wuce miligiram 0.2 a lita ba. Ka kuma lura, dunƙulen alam na kasuwa sau da yawa mai fotasiyam ne, ba irin wanda gidan ruwa ke zubawa ba. Rubuta wanda ka yi aiki da shi, in ba haka ba awonka ba zai yi daidai da na kowa ba.

Zogale, ko zogala kamar yadda muke faɗa a nan, ana son wanda ya bushe a bisa itace. A ɓare, a daka ƙwayar, a tankaɗe. Giram 2 a mililita 100 na ruwa, a girgiza minti 5, a tace da farin ƙyalle. Mililita ɗaya a lita ta ba ka miligiram 20. A gida, ƙwaya ɗaya kan isa lita ɗaya ta ruwa mai laka sosai. Ba ya taɓa pH, lakar da yake bari a gindin bokiti ba ta kai ta alam yawa ba. Amma abin mamaki, ya fi ƙarfi a ruwan da ya dagule ƙwarai. A ruwan rani mai ɗan hazo-hazo sai ya yi sanyi. Jiƙa garin da ruwan gishiri, giram 58 a lita, yana fito da furotin ɗin fiye da ruwa zalla, kuma wannan kaɗai ya isa babi guda a bincike.

Babban aibinsa shi ne abincin ƙwayoyin cuta ne. Jiƙon da ya kwana ya lalace. Ruwan da aka kwantar da shi ma, in ya wuce yini a jarka, ƙwayoyin cuta kan sake yawaita har ya fara wari, kuma ragowar garin tana cinye kulorin da aka zuba. Masu bincike da yawa suna awo bayan awa ɗaya su tashi. Kai ka sake aunawa bayan awa 24, a nan bambancin yake fitowa.

Gwajin kuwa iri ɗaya za ka yi musu: kwalabe shida masu lita ɗaya, ɗaya ba a sa mata komai ba, juyi mai sauri minti 2, juyi a hankali minti 20, a bar shi awa ɗaya. Abin nema shi ne ƙasa da NTU 5, wato a ma'aunin dagulewar ruwa. Kada ka ɗauka ƙari shi ne gyara. In ka zarce awo, ko wanne ne, ruwan sake dagulewa yake yi.

Ruwa ya yi garau bai zama na sha ba. Duka biyun suna rage ƙwayoyin cuta ne kawai, sai an bi da tafasawa ko kulorin, idan kulorin ne har a samu ragowarsa miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita bayan minti 30.

Ga 'yan'uwanmu na Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara akwai ƙarin magana. Gubar dalmar da ta bayyana a 2010 ta kashe yara aƙalla 400, galibi ta ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar da ta maƙale a jikin laka takan kwanta tare da ita, amma wadda ta narke ba a dogara da alam ko zogale a kanta, tafasawa ma ba ta fitar da ita. Iyakarta a ruwan sha miligiram 0.01 a lita. Mai son auna ta ya raba samfurinsa biyu, ya tace ɗaya da matatar maikiron 0.45 don a gane wadda ta narke, ya ɗiga wa kowanne asid na naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2 kafin ya kai ɗakin gwaji. Lakar da ta kwanta daga irin wannan ruwan kuma kada a watsar da ita a tsakar gida inda yara ke wasa.