Maƙalin feda mai sassauci ko mai ƙamewa: wanne ne gwiwa ta fi so?

A kekunan tsere, takalmi yana kamawa da feda ta wani ɗan faranti, wato maƙalin feda, da ake ɗaurewa a ƙasansa da kusoshi uku. Farantin iri biyu ne. Mai sassauci yana barin diddige ya ɗan karkata dama ko hagu; mai ƙamewa kuwa yana kulle ƙafa wuri guda.

Launin faranti ne ke nuna yawan sassaucinsa. A farantan kamfanin Shimano samfurin SPD-SL, rawaya yana ba da karkatar digiri 6, shuɗi digiri 2, ja babu ko kaɗan. A na kamfanin Look samfurin Kéo, ja ne mafi sassauci da digiri 9, toka-toka 4.5, baƙi sifili. Kada launi ya ruɗe ka, jan Shimano da jan Look kishiyoyin juna ne.

Gwiwa ba ta tafiya miƙe sak yayin tuƙi, takan ɗan murɗa. Idan aka kulle ƙafa a kusurwar da ba tata ba, murɗar sai ta koma kan gwiwa, ciwo ya fito a gefenta na ciki ko na waje. Saboda haka mai fama da gwiwa ya fara da mai sassauci. Ya hau bakin tebur ya zauna ya saki ƙafafu suna lilo, ya ga yadda suke karkata, ya daidaita farantin haka, tushen babban yatsa yana kan sandar feda ko ɗan gabanta.

Mai ƙamewa na ƙwararrun da aka auna musu ƙafa ne. Kuskure ƙanƙani ma ba ya yafewa.

Ciwon gaban gwiwa dai sau da yawa sirdi ne ya yi ƙasa, na bayanta kuma ya yi sama. Sauya faranti ba zai magance su ba.